Idan Aka Goge Maka Mota: Aljihunka ko Inshora?

A wata ranar Talata cikin daminar da ta wuce, ina kan hanyar komawa gida daga makaranta, mai adaidaita sahu ya goge mini mota a cunkoson Kabuga. Ba wani karo ba ne na a zo a gani. Ƙofar baya ta dama ta ɗan lotsa, fenti ya ɗaye kamar tsawon kamu biyu, fitilar baya kuma ta tsage. Kafin in buɗe ƙofa in fito, jama'a sun kewaye mu, kowa da hukuncinsa a baki. Yaron da ke tuƙa adaidaitar, wanda da ƙyar in ya haura shekara ashirin, ya durƙusa a kan kwalta yana cewa, "Baba, don girman Allah ka yi haƙuri, wallahi ko balas ɗin yau ban haɗa ba." Ban san lokacin da na zama Baba a bakin samarin Kano ba, amma wannan zance ne na wata rana. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na dubi yaron, na dubi motar, na ce ya tashi ya tafi.

Washegari na kai motar wurin mai gyaran jiki. Da buga lotsawar, da fenti, da fitilar Beljiyam da aka samo a Ƙofar Ruwa, abin ya tsaya a kan naira 65,000. Na biya, raina bai so ba.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne tambayar da wani abokin aikina ya yi mini a ɗakin shan shayi na malamai, mutumin da ya yi zurfi a fanninsa, kuma ya shafe fiye da shekara goma sha biyar yana tuƙi. Ya ce, "Dakta, ba kana da inshora ba? To me ya kai ka taɓa aljihunka?" Na ce masa ina da ita. Na tambaye shi wace iri ce tasa. Ya yi shiru, ya ce ai ita ce dai wadda ake haɗawa da takardun mota duk shekara. A nan na gane cewa kafin a yi maganar wanne ya fi tsakanin biyan kuɗin gyara da kanka da neman kamfanin inshora ya biya, sai an fara warware wani ƙulli: yawancinmu ba mu san abin da takardar da muke ajiyewa a aljihun mota ta yi mana alkawari ba.

Takardar da ni da abokina muke riƙe da ita, wadda ita ce a hannun mafi yawan masu motoci a ƙasar nan, ita ce inshorar ɓangare na uku. Ɓangare na farko kai ne, na biyu kamfanin, na uku kuwa shi ne mutumin da ka yi wa ɓarna. Wannan inshora ba ta san da zaman motarka ba. Ko motar ta ƙone ƙurmus, ko an sace ta, ko ta faɗa kwalbati, kamfanin ba zai ba ka ko sisin kwabo ba, kuma bai cuce ka ba, domin ba abin da kuka ƙulla ke nan ba. Aikinta shi ne ta tsaya maka idan kai ne ka buge wani. Doka ce tun ta zamanin Turawa, ta shekarar 1945, kuma asalinta rai da jikin mutum ta dosa. Dokar inshora ta 2003 ce ta shigo da ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 1. Daga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan takarda daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3. Mai adaidaita sahu naira 5,000 ce tasa, diyyarsa kuma ta kai miliyan 2.

Mai karatu ya lura da wannan adadi na ƙarshe. Da yaron da ya goge ni yana da sahihiyar takarda, kamfaninsa ne ya kamata ya biya naira 65,000 ɗin nan, ba shi ba, ba ni ba. Ban tambaye shi ba. Cikin duk waɗanda suka taru, har da jami'in da ya leƙo ya ce mu gyara fakin, ba wanda kalmar inshora ta fito daga bakinsa. A tsakaninmu abu biyu kawai ake sani a irin wannan wuri: ko a yafe, ko a riƙe makulli sai an biya.

Saboda haka ga mai inshorar ɓangare na uku, babu ma zaɓi game da tasa motar. Aljihunsa ne, ko aljihun wanda ya buge shi. Zaɓin na gaskiya yana wurin mai cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da motarsa shi kansa. Irin waɗannan ba su da yawa, amma suna nan: ma'aikatan da suka sayi mota da bashin banki aka tilasta musu, 'yan kasuwa masu sababbin motoci, da waɗanda wata asara ta taɓa koya wa hankali. Ita wannan ba ta da araha. Ƙa'idar NAICOM ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Motar da aka yi wa kuɗi naira miliyan 8 ke nan za ta ci naira 400,000 a shekara. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi, in aka goge masa bamba, dole zuciyarsa ta raya masa cewa lokacin cin moriya ya zo. Ina ganin a mafi yawan lokuta kuskure ne ya bi wannan raɗa, kuma ga dalilina.

A kusan kowace cikakkiyar inshora akwai wani sharaɗi da mutane ba sa karantawa sai ranar da ya cije su. Na kira shi kason mai mota: wani adadi ne da kai za ka fara ɗauka a kowace ɓarna kafin kamfani ya ɗauki saura. Wani kamfanin yana yanke shi da tsayayyen kuɗi, wani da kaso cikin ɗari na kuɗin gyara, wani kuma ya ce duk wanda ya fi yawa a cikin biyun. Mu ƙaddara, don misali kawai, takardarka ta ce naira 50,000 ko kashi 10 cikin 100, wanda ya fi yawa. Gyaran naira 40,000 bai ma kai bakin ƙofar kamfanin ba. Gyara irin nawa na naira 65,000 zai fito maka da naira 15,000. Amma idan gaban motar ne ya rugurguje, gyara ya kai naira miliyan 1 da dubu 500, kai za ka biya 150,000, kamfani ya biya miliyan 1 da dubu 350. Lissafin da kansa ya nuna inda aka gina inshora ta yi aiki. Kamfanoni ba don mugunta suka sa wannan sharaɗi ba: kuɗin buɗe fayil, da tura mai duba ɓarna, da bin takardu a kan gogar fenti zai iya fin gogar kanta tsada, kuma direban da ya san ba zai biya komai ba yakan rage kula. Wasu kamfanonin suna ba ka damar ƙara kuɗi tun farko don a ɗauke maka wannan kaso, sai dai a nan ma ka biya kuɗin ƙananan gyare-gyaren ne tun kafin su faru.

To, a kan wannan naira 15,000 me za ka yi? Za ka sanar da kamfani cikin kwanakin da takardarka ta ƙayyade, ka cike fom, ka kawo hotuna da kwafin lasisin tuƙi, ka samo ƙiyasin kuɗin gyara a rubuce daga gareji, wani lokaci har da rahoton 'yan sanda. Sannan ka jira mai duba ɓarna ya zo ya gani, ya rage abin da zai rage, a aiko maka da tayi, ka sa hannu. Duk tsawon wannan lokaci ba ka da izinin fara gyara, domin wanda ya gyara kafin a duba ya shafe hujjarsa da hannunsa. Ga malami irina mai lacca ƙarfe takwas na safe da yara uku a makarantu biyu, mako biyu ba mota ba ƙaramin abu ba ne. In na lissafa kuɗin hawa abin haya da zirga-zirgar ofis, na cinye naira 15,000 ɗin tun kafin ta iso.

Akwai kuma abin da ke biyo baya a shekara mai zuwa. Al'adar harkar inshora ce a yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba rangwame idan ya zo sabuntawa, kuma rangwamen yakan ƙaru da yawan shekaru. Neman diyya guda, komai ƙanƙantarta, tana iya rushe shi. Sai dai a nan zan yi wa mai karatu adalci: a Nijeriya wannan hujja ba ta da ƙarfin da take da shi a Ingila ko Amurka, inda ake auna kowane direba da tarihinsa a yanka masa farashi. Ƙa'idar kashi 5 ɗin da na ambata ta ce ko bayan an cire duk wani rangwame, kuɗin ba zai sauka ƙasa da haka ba. Wanda ya riga ya tsaya a kan kashi 5 ba shi da wani rangwamen da zai yi asara. Abin da zai iya rasawa shi ne kyakkyawan suna a fayil. Mai motar da ya zo sau uku a shekara da ƙorafin madubi da bamba, kamfani na iya ƙara masa kuɗi ko ya ɗaga masa kasonsa, kuma ranar da babbar ɓarna ta zo za a duba takardunsa da idon zargi.

Zuwa nan, wani zai ce ashe Dakta ya goyi bayan abin da muka saba, wato a sasanta a bakin titi kowa ya kama gabansa. Ba haka ba ne, kuma wannan ɓangaren ne ya fi damuna.

Matsala ta farko ita ce, wa ya ce ɓarnar ƙarama ce? Idon mai mota a tsakiyar cunkoso, ransa a ɓace, ana ta danna masa ham daga baya, ba ma'auni ba ne. Motocin da muka taso muka gani, irin su Fijo 504, ƙarfe ne zalla; abin da ido ya gani shi ne ya lalace. Motar yau bambarta roba ce, takan lotsa ta dawo kamar ba a taɓa ta ba, alhali a bayanta ƙarfen da ke tare karo ya lanƙwashe, lagireto ya tsage, ko na'urar da ke gane kusantar abu ta mutu. Sai bayan kwana uku mota ta fara zafi, a kai ta wurin bakanike, ana kukan targaɗe sai ga karaya. A lokacin wanda ya buge ka ya yi nisa, wa'adin sanar da kamfani kuma ya kusa cika ko ya wuce. Ga kuma farashi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni, kayan gyara kuwa kusan duk daga waje suke zuwa, sabo da na Beljiyam. Ƙiyasin da ke kan mutum na kuɗin fitila ko gilashin gaba sau da yawa na shekara uku da suka wuce ne. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, gyaran da muke kira ƙarami ya kai albashin wani na wata guda.

Don haka shawarata ga mai cikakkiyar inshora ita ce ya raba abu biyu da muke haɗawa: sanarwa daban, neman diyya daban. Ka ɗauki hoto a wurin, ka karɓi lambar motar da ta buge ka da lambar wayar direban, ka sanar da kamfaninka ko dillalinka a rubuce a ranar, ka kai mota a buɗe a duba. Bayan ka ga ƙiyasi na gaskiya sai ka yanke shawara. In kuɗin bai wuce kasonka da wani abin kirki ba, ka ce musu ka janye, ka biya da kanka. In ya wuce sosai, ƙofa tana buɗe.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ta shafi kowa, har da mu masu takardar naira 15,000. Ita ce ranar da kai ne mai laifi. Na san wani magidanci, ƙaramin ma'aikaci, da birki ya kufce masa a wata mahaɗa ya daki bayan wata sabuwar jif. A ido abin bai yi muni ba. Cikin kunya da son a rabu lafiya ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, a kai gyara zan biya." Da ƙiyasi ya fito, kuɗin ya haura albashinsa na wata takwas, domin mai jif ya ce shi ba a sa wa motarsa kayan Beljiyam. Sai da ya sayar da filin da ya shekara shida yana biya. Duk wannan abu yana da takardar inshora a aljihun motarsa wadda, in ta gaskiya ce, an yi ta ne daidai don wannan rana. Bai san haka ba. Ko da ya sani daga baya, ya riga ya ɗaure kansa, domin sharaɗi ne sananne a takardun inshora cewa kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da yardar kamfani ba. Karamcinmu na saurin cewa "ni zan ɗauka" abu ne mai kyau a zumunci, amma a nan ya raba iyali da filinsu.

Idan kuwa mutum ne ya ji rauni, ko da ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce ba komai, maganar biya da kanka a rufe zance ba ta taso ba. A kai shi asibiti, a sanar da hukuma, a sanar da kamfani. Ciwon da ke cikin kai ko cikin ciki ba ya nuna kansa a bakin titi.

Na ce "in ta gaskiya ce" da gangan. Shekara da shekaru mutane suna miƙa kuɗi ga 'yan kamasho a harabar ofisoshin sabunta takardun mota, a haɗo musu komai a dunƙule, ba su taɓa tambayar sunan kamfanin da ke kan takardar ba. Da yawa daga cikin waɗannan takardu ba su da uwa a ko'ina. An buga su ne don a nuna a shingen bincike. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowace sahihiyar takarda take da rajista, kuma ana iya dubawa da wayar hannu ta hanyar danna *565*11# a shigar da lambar mota. Tun daga 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan wannan inshora, mutane da yawa sun sabunta, amma don tsoron kamu. Ni kaina sai bayan abin da ya faru a Kabuga na duba tawa. Ta fito, alhamdu lillahi, amma na shekara goma sha ina tuƙi ban taɓa dubawa ba, ga shi kuma ina koyar da ɗalibai kada su karɓi magana ba hujja.

Ba zan tsallake abin da ke zuciyar masu karatu da yawa ba, wato hukuncin inshora a addini. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba tana ɗauke da garari mai ɓata ciniki, ta kuma nuna tsarin taimakekeniya a matsayin mafita. Wannan tsari, takaful, an fara shi a Sudan a 1979, a Nijeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, a takaful kuɗin da mahalarta suka zuba asusunsu ne na haɗin gwiwa, in an samu rara a ƙarshen shekara ana raba musu, kuma galibi wanda bai nemi diyya ba ne ke samun rabo. Wanda ya kawo gogar fenti ya ɗebi kuɗi daga asusun, daga aljihun 'yan'uwansa ya ɗiba, ya kuma fitar da kansa daga rabon. Lissafin bai canja ba, sai ma ƙara fitowa fili da ya yi.

Su ma kamfanonin suna da nasu. Rashin yardar da jama'a ke yi musu ba daga sama ta faɗo ba. Mutum ya biya kuɗi cikin minti biyar, amma ranar karɓa sai a aike shi neman takarda bayan takarda, a rubuta sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe cikin Turancin lauyoyi, a yankin da miliyoyin masu abin hawa Hausa suke karantawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ke son mai adaidaita sahu ya ɗauki takardarsa da daraja, ya fassara masa ita, ya buɗe ofishin biyan diyya inda ƙafarsa za ta kai, ya kuma biya ɗan'uwansa a idonsa ko da sau ɗaya ne. Wanda aka hana haƙƙinsa kuma ya sani NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma kamfanoni ba sa son sunansu ya je can.

Ni dai abin da na koma yi shi ne, kowane wata ina ware naira 10,000 a wani asusu da ba ni da katinsa a aljihu, na sa masa suna kuɗin fenti. Daga nan madubi da fitila da ƙananan lotsawa za su riƙa fita. Takardar inshora kuma na cire ta daga cikin tarkacen aljihun mota na karanta ta daga farko har ƙarshe, na rubuta lambar sashen diyya na kamfanin a wayata, na kuma gaya wa uwargida, wadda ita ma takan ja motar, cewa in wani abu ya faru ta ɗauki hoto, ta tambayi lafiyar mutane, kada ta yi wa kowa alkawarin biya.

Abokin nawa na ɗakin shayi ya duba tasa takardar a gabana. Lambar motarsa ba ta fito ba. Ya sake dannawa sau biyu, sannan ya tashi ya fita yana neman lambar yaron da ke sabunta masa takardu.